An ba ni ranar Laraba in je ganin masaniyar halayyar ɗan Adam, me zan tarar a can?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau larura ce ta sa. Kayan waya nake sayarwa a gefen kasuwar Taminus a nan Jos. Ranar Talata 20 ga Mayun 2014 ina shago bam na farko ya tashi, muka ruga don ɗaukar waɗanda suka jikkata, na biyun ya tashi muna tsakiyar aikin. Ni Allah ya yi da sauran kwanana. Yaron shagona da na aika sayen ruwa bai dawo ba.

Tun daga ranar barci ya zama abin nema a wurina. Shekaru ina cewa zai wuce. A watan Disamban nan taya ta fashe a Bauchi Road, sai tsintar kaina na yi a durƙushe bayan teburin mai shayi, rigata sharkaf da gumi a cikin sanyin Jos. Na je asibiti, an auna jini, an duba zuciya, likita ya ce duk lafiya lau. Sai ya haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai ofis na kanta, an ba ni Laraba ƙarfe 10 na safe. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya min: me ake yi a can? Allura ce ko ƙwaya? Kwantar da ni za a yi? Kuma dole ne sai na faɗi abin da ko maiɗakina ban taɓa gaya wa ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaron, ya ba ka lafiya yayana. Ni na je, bayan na rasa jaririna kwana uku da haihuwa. Bari in gaya maka yadda na tarar, ko hankalinka zai kwanta.

Babu allura, babu gado, babu warin asibiti. Ɗaki ne da kujeru biyu suna kallon juna, da ɗan tebur, da agogon bango, da kwalin tishu a inda hannunka zai kai. Kafin ka shiga za a ba ka fom: suna, shekaru, magungunan da kake sha, da wanda za a kira idan wani abu ya taso. Akwai kuma takardar amincewa da za ka sa wa hannu. Ka karanta ta a natse, kar kunya ta sa ka yi sauri.

Zaman farko kusan duk tambayoyi ne, kuma bai cika wuce awa ɗaya ba. Yaya barcinka, yaya cin abincinka, tun yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, wa kake zaune da shi a gida, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku. Tana tambaya tana rubutu. Akwai tambaya guda da ta faɗar min da gaba: ta ce ko na taɓa jin gara a ce ba na raye. Kowa ake yi wa ita, ba don an ga wani abu a fuskarka ba. Ka faɗi gaskiya kawai.

Abin da ba ka shirya faɗa ba kuwa, ka ce ba yau ba. Ni sai a zama na huɗu na iya ambatar sunan da muka so raɗa wa yaron, kuma ko sau ɗaya ba ta matsa min ba.

Alhaji na Bauchi Road:
Ɗana, Allah ya yaye maka. Amma ni abin bai kwanta min ba. Ka ɗauki kuɗin guminka ka kai wa baƙuwa don ta saurari hirarka? Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010, mun binne 'yan'uwa da hannunmu, da haƙuri da addu'a muka rayu. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka tashi cikin dare ka kai kuka wurin Mai duka. Kuma ka sani garin nan ƙarami ne, gobe a ce an gan ka a wurin masu taɓin hankali, kana da 'ya'ya mata da za ka aurar.

Malam na Anguwar Rogo:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Azkar da tsayuwar dare babu mai ja da su, ni ma su zan fara ce masa. Sai dai a duba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, bai ware ciwon jiki ya bar na zuciya ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da damuwa da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke zuwa haka kawai, ya ce ana kwantar da mummunan tunani da tunani mai kyau da mutum ya tanada tun yana lafiya.

Mutane da dama suna zuwa min a yi musu ruƙiya, in na zauna da su sai in ga firgici ne na abin da idonsu ya gani. Ina yi musu addu'a, in kuma ce su je asibiti. Shekara goma da ɗoriya bawan Allah nan yana haƙuri, Alhaji. Haƙurin ne ya kawo shi yau.

Sista ta Lamingo:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in raba muku abu biyu da ake yawan haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mara lafiya in ta kama. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuma saikoloji ya karanta, ya ƙara da digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya. Ba ya rubuta magani. Aikinsa gwaji ne da tattaunawa da koyar da dabaru. Idan ta ga kana buƙatar magani, ita da kanta za ta tura ka wurin likita, su yi aiki tare.

Yayana, tambaya ɗaya, kuma ka yi haƙuri da ni: duk shekarun nan da me kake samun barci?

Ɗan Gangare:
Sista kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. D5 nake saya a kemis. Da rabi nake sha, yanzu sai na sha biyu, wani daren ma ba ya ɗauka ta.

Sista ta Lamingo:
To wannan shi ne abu na farko da za ka gaya mata, tun kafin labarin Taminus. D5 diazepam ne, jiki yana sabawa da shi, shi ya sa rabi ya koma biyu. Kuma don Allah kar ka ce tunda na faɗa yau za ka watsar da shi. Wanda ya daɗe yana sha in ya daina farat ɗaya yana iya samun rawar jiki, firgicin ya ninka, wani har jijjiga yake yi kamar mai farfaɗiya. Likita ne zai tsara maka ragewa sannu a hankali. Ka tafi da kwalin a aljihu, da takardun gwajin da aka yi maka.

Anti ta Rikkos:
Ni maganar sirri ce ta sa na fito, don na ƙone a kai. Lokacin da aurena ke tangal-tangal wata ƙawata ta haɗa ni da wata mata mai kiran kanta mai ba da shawara. Falo mai kyau, turaren wuta, magana mai daɗi. Na zazzage mata cikina kaf. Ba a yi wata ɗaya ba na ji maganata a bakin gwaggon mijina a gidan suna. Ashe matar ba ta karanci komai ba, taron kwana uku ta halarta aka ba ta takarda. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Don haka tsoron Alhaji ba a banza yake ba. Ƙanina, ka tambaye ta ido da ido: a ina kika yi karatu, wace ƙungiya kike ciki, ina kike ajiye abin da kike rubutawa, wa ke iya ganinsa? Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushi ba.

Malamin Naraguta:
Anti, Allah ya saka miki, abin da aka yi miki cin amana ne. Ni a sashen saikoloji na yi karatu nan Jami'ar Jos, bari in ƙara a kan abin da aka faɗa.

Tambayoyin da Anti ta lissafa daidai ne. Masu wannan aiki a asibiti suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NACP, akwai kuma babbar ƙungiyar masana saikoloji, NPA. Tunda likita ne ya tura ka, da alama ya san ta, amma tambayar haƙƙinka ce.

Riƙe sirri ginshiƙin aikin ne, sai dai yana da iyaka, kuma ya kamata ta gaya maka iyakar tun ranar farko: in ta ga rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari, in ana cutar da ƙaramin yaro, ko in kotu ta ba da umarni. Ban da waɗannan, ko maiɗakinka ta kira ba za a gaya mata komai ba sai da izininka. Dokar ma ta canza. Da muna ƙarƙashin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa zamanin Turawa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a riƙe sirrinsa kuma a nemi yardarsa.

Za ta iya ba ka takardun gwaji. Akwai mai tambaya 9 a kan ciwon damuwa, tana duba makonni biyun da suka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3. Akwai mai tambaya 20 a kan firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Ba jarrabawa ba ce, sikeli ne. Bayan makonni za a sake aunawa a ga ko an motsa. In Turancin ya yi maka nauyi ka ce a fassara maka.

Yadda aikin yake kuwa: ƙwaƙwalwar wanda ya tsira daga irin abin da ka gani kamar maigadin da ya ƙi sauka daga aiki ne bayan ɓarayi sun tafi. Ƙarar taya, warin hayaƙi, cunkoson kasuwa, duk sai ya busa usur. Kai kuma sai ka riƙa kauce wa duk abin da zai tuna maka. Kaucewar tana ba ka sauƙi na ranar, amma ita ke hana maigadin gane cewa an wuce wurin. Tsarin da aka fi amfani da shi, CBT, wato gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, wanda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, yana da reshe na musamman don wannan. Za a fara koya maka kwantar da jiki, da numfashi, da gyara barci. Sannan a bi labarin daki-daki har ya zama abin da ya faru ya wuce, ya daina zama abin da ke faruwa yanzu. Sannan a duba tunanin da ya maƙale, irin "da ban aike shi ba". Yawanci zama 8 zuwa 12 ne, mako-mako, wani yana buƙatar fiye da haka. Akwai wata hanyar da ake kira EMDR, mai amfani da motsin ido yayin tuna abin da ya faru, in ta samu horo a kai za ta gaya maka.

Ɗan Gangare:
Malam, wannan "da ban aike shi ba" ɗin, ban san yadda aka yi ka sani ba. Kullum da ita nake kwana.

Maman Ilham:
Tawa "da na je asibiti da wuri" ce. Kusan kowa da tasa, yayana. Kuma bari in gaya maka abin da ba a gaya min ba: tsakanin zama na uku da na biyar abin ya fi min zafi. Ina dawowa gida a gajiye kamar na yi surfe, mafarkai suka ƙaru, har na ce na daina zuwa. Da na gaya mata sai ta rage saurin tafiyar, ta ce miki ne ake wankewa. Kar ka sa wani aiki mai nauyi bayan zaman, in da hali ka bar wani a shago ranar. Akwai kuma aikin gida. Ni littafi aka ba ni ina rubuta lokacin da tunanin ya zo da abin da nake yi a lokacin. Wanda ya je ya zauna kawai yana jiran a yi masa nasiha ya tashi, ba zai ga amfanin kuɗinsa ba. Ba ta taɓa ce min yi kaza ko bar kaza a aurena ba, tambaya take yi har in gano da kaina.

Ɗan Gangare:
Akwai abin da ban faɗa ba. Matar ba Musulma ba ce, daga sunanta na gane. Ba ƙyama nake ba, amma kun san garin nan da abin da ya shiga tsakani. Za ta fahimce ni kuwa?

Mama ta Tudun Wada:
Ɗana, ni Kirista ce, an ƙone gidanmu a 2008, mun kwana a bariki da kayan jikinmu. Shekaru ba na iya tsallaka wasu unguwanni, ko a mota nake sai na rufe ido. Masanin da ya zauna da ni har na warware Musulmi ne, da tabon sallah a goshinsa. Ranar farko na kasa kallon fuskarsa. Na gaya masa haka kai tsaye, ya ce ya ji, kuma in ina son a canza min wani zai nemo min da kansa. Wannan maganar ce ta sa na zauna. Bai taɓa taɓa addinina ba, sai ma tambayata da yake yi wace addu'a ce ke kwantar min da hankali. Da Hausa muka yi komai, don a nan Filato Hausar ce ta haɗa mu duka. Ka gaya mata damuwarka kamar yadda ka gaya mana. Yadda za ta amsa shi zai nuna maka ko wurin zama ne.

Alhaji na Bauchi Road:
Mama, Allah ya kiyaye gaba, ya zaunar da garinmu lafiya. To ni saura guda: namiji da mace a ɗaki a rufe, Malam me ka ce?

Malam na Anguwar Rogo:
Larurar magani tana da hukuncinta, Alhaji, kamar yadda mata ke ganin likita namiji in babu mace. Ofis ne da ma'aikata a waje. In zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nemi a bar ƙofa a ɗan buɗe, ko iyalinsa ta zauna a wurin jira, ko ya nemi namiji. Duk suna cikin abin da zai iya tambaya.

Sista ta Lamingo:
A kan kuɗi, kar ka ji nauyi. Kowane zama ake biya, kuma na farko wani lokaci ya fi tsada saboda gwaje-gwaje. Ka tambaya tun a waya: nawa ne, in uzuri ya hana ni zuwa zan biya, ana ragi ga wanda ya biya zama da yawa a haɗe, za a iya mayar da shi duk mako biyu? Gara ka faɗi ƙarfinka a tsara a kai, da ka fara ka yanke a tsakiya lokacin da aka buɗe mikin. In ya gagara, JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Layi ya fi tsawo, kuɗi ya fi sauƙi. In kuma wani dare ka ji abin ya fi ƙarfinka har kana tunanin cutar da kanka, kar ka jira Laraba, ka tashi wani a gida ku tafi sashen gaggawa.

Anti ta Rikkos:
Kuma in ka yi zama uku ko huɗu ka ga jininku bai haɗu ba, ka faɗa, ka canza. Ba aure aka ɗaura ba.

Ɗan Gangare:
Jama'a na dawo, yau Laraba da dare. Na je. Sau biyu na wuce ƙofar a keke Napep kafin na ce ya tsaya.

Kamar yadda Maman Ilham ta faɗa na tarar, har agogon. Ta gaishe ni da Hausa, ta tambaye ni inda na fi son zama. Na zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, sai ta ce ko a gida ma haka nake yi? Wallahi ban taɓa lura ba sai yau, ko a masallaci bakin sahu nake tsayawa. Na yi mata tambayoyin Anti, ta amsa duka, ta nuna min takardunta da durowar da take kullewa. Na gaya mata maganar addini. Ta ce ita ma a garin nan ta girma, kuma duk ranar da na ji ta faɗi abin da bai dace da imanina ba in tsayar da ita.

Na ajiye kwalin D5 a kan tebur. Ba ta yi min faɗa ba, ta rubuta takarda in kai wa likitan ƙwaƙwalwa ranar Litinin. Labarin Taminus ban kai ko rabi ba, na tsaya a inda na miƙa wa yaron kuɗin ruwa. Hawaye suka zo, na ba ta haƙuri, ta ce babu abin ba da haƙuri, ta bar ni har na natsu. Ta koya min jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali fiye da yadda na ja. Mun shirya zama goma, duk mako, in ciniki ya yi ƙasa mu koma mako biyu.

Alhaji na Bauchi Road:
Har yanzu kuɗin nan yana min yawa a rai, ba zan ɓoye ba. Amma tunda ka fara, Allah ya sa albarka. Kar dai ka saki azkar. Kuma iyalinka ta sani, ba kyau ta ji a waje.

Ɗan Gangare:
Na gaya mata bayan isha'i, Baba. Ta ce ita ta daɗe da sanin ba na barci, tana jin duk juyin da nake yi, tsoron ɓata min rai ne ya hana ta magana. Ta ce Litinin tare za mu je. An ba ni ƙaramin littafi in riƙa rubuta lokacin da na kwanta da lokacin da na farka da abin da ya tashe ni, ita ce ma ta ajiye min biro a gefen katifa.

Sista ta Lamingo:
Ku fita da wuri ranar Litinin, kafin ƙarfe 8 ku kasance kun yanki kati. Kafin nan ka ci gaba da shan yadda ka saba, kar ka ƙara, kar ka rage, sai likita ya gan ka.